Jawabi: Yadda ake gane na gida ya kamu da shan ƙwaya ko giya

An shirya wannan jawabi domin makarantun yaƙi da jahilci na ƙasar Dakwaro. Malami ya karanta shi a hankali, masu karatu su saurara, sa'an nan a tattauna.

 

Maganar yau ba ta da daɗin ji, amma ta zama dole. Maganar ƙwaya ce da giya da sauran kayan maye. Kowa ya san ana saida su a kasuwa da tasha. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ranar da suka shigo gidansu. Sau da yawa uba shi ne na ƙarshen ji. Sai rumbu ya yi ƙasa tun kafin bazara, ko yaro ya faɗi a bakin rijiya, sa'an nan a riƙe baki a ce ashe.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Uwa da uba da mata su ne ke ganin mutum safe da dare. Su ya kamata su fara ganewa. In an gane da wuri, gyara yana da sauƙi. In an makara, wani lokaci sai dai gaisuwar mutuwa.

Mene ne tramol?

Ƙwayar da ta fi yawo a ƙasar nan ita ce tramol. Sunanta a wurin likita tramadol. Asalinta magani ce. A ƙasar Jamus aka haɗa ta a 1962, aka fara saida ta a 1977. Ana ba da ita ga mai ciwo mai tsanani, kamar wanda ya karye ko wanda aka yi wa aiki a asibiti. Danginta ɗaya da magungunan da ke kashe zafin ciwo su kuma sa maye.

Yawancin wadda ke hannun masu talla daga Indiya take fitowa. Ana sauke ta a bakin teku, a Kwatano da Lome da Legas, sa'an nan a hauro da ita a ɓoye. Daga Maraɗi zuwa Dakwaro, daga Kwarnaka zuwa Birnin Lalle da Sakabal, duk inda mota ko babur ke zuwa ita ma tana iya zuwa.

A 2018 gwamnatin Indiya ta tsananta doka a kan tramol. Sai masu neman kuɗi suka ɓullo da wata, irin su Tafrodol. Ita haɗin magani biyu ce masu ƙarfi, tana iya tsaida numfashi. A watan Fabrairu na 2025 Indiya ta hana yin wannan haɗi da fitar da shi waje. Saboda haka sunan ƙwaya yana canjawa, launin kwali yana canjawa, amma ɓarnar ɗaya ce.

Ku karanta lambar

Ga inda karatunku zai yi muku rana. Kowane katin magani yana da lamba a bayansa. Lambar tana nuna ƙarfin ƙwaya guda, ana auna shi da miligiram.

Tramol da likita ya saba bayarwa tana ɗauke da 50. Ko babban mutum mai ciwo, likita ba ya barin sa ya wuce 400 a wuni da kwana. Ta masu talla kuwa za ku ga 120, ko 200, ko 225, har 250. Ku yi lissafi da kanku: 225 sau biyu, 450 ke nan. Wanda ya haɗiye biyu ya riga ya ƙetare iyaka. Akwai masu zuba huɗu ko biyar cikin kofin shayi guda.

In kun tsinci katin magani fanko a aljihun riga wajen wanki, ko ƙarƙashin tabarma, ko a bayan darni, kada ku yar. Ku karanta lambar. In ba ku gane ba ku kai wa majo a likita ya duba.

Yadda ake farawa

Ba kowa ne ya fara don iskanci ba. Da yawa aiki ne ya kai su. Damana gajera ce a ƙasar Dakwaro, gonaki kuwa masu faɗi. Saurayi yana son ya gama noma ya shiga ƙwadago. Makiyayi yana jan ruwa a rijiya mai zurfi tun asuba. Ɗan kabu-kabu yana kan babur rana duka. Wani ya tafi biɗa Najeriya ko Libiya. Wani ya tafi haƙar zinariya, tun da aka gano ta a Jado a 2014, ko a Ɗan Isa a 2021. A can wani aboki zai miƙo masa guda ya ce: sha, maganin gajiya ne.

Ranar farko sai ya ji kamar gaskiya ne. Ya yi aikin mutum biyu, bai ji yunwa ba, bai ji rana ba. Amma ƙwaya ba ta ƙara wa jiki ƙarfi. Jin gajiyar take toshewa, gajiyar kuwa tana nan. Kamar a rufe mikin jaki da akumari ne a ci gaba da lafta masa kaya. Wata rana sai ya durƙushe.

Mata ma suna cikin wannan. Wata daka da ɗaukar ruwa ne suka kai ta, wata ɓacin ran zaman aure, wata kuma a gidan biki aka koya mata. A Najeriya maganin tari mai kodin ya ɓata samari da ƴan mata da matan aure da yawa, har gwamnatin ƙasar ta hana yin sa da shigowa da shi a watan Mayu na 2018.

Manyan alamu biyu

Wanda ya taɓa sha daban, wanda ya kamu daban. Ana gane kamuwa da abu biyu.

Na farko, abin yana hauhawa. Wanda guda ke isar sa bara, bana sai uku. Jiki ya saba, kaɗan ba ta yi masa kome.

Na biyu shi ne mafi girma: ku dubi mutum ranar da bai samu ba. Kafin wuni ya cika sai ya fara hamma ba iyaka. Hanci yana zuba, ido yana hawaye. Zufa ta karyo, ga kuma jin sanyi. Gaɓoɓi suna ciwo, ciki yana murɗa, wani har da zawo da amai. Ba ya iya zama wuri ɗaya, ba ya iya barci. Magana kaɗan sai faɗa.

Mutanen gida za su ce masassara ce. To, ga bambancin. Masassarar sauro ba ta sakin mutum don ya je wurin mai shayi ya komo. Mai ƙwaya kuwa zai fita yana jan ƙafa, bayan awa guda ya komo garau, yana dariya, yana neman hauya. In an ga haka sau biyu, sau uku, to akwai magana.

Watan azumi ma yana tona wannan asiri. Kowa yana jin yunwa da ƙishirwa, amma shi wahalarsa daban ce. Tun azahar yana rawar jiki. Ana kiran sallar magariba ba ta fura yake ba, waje zai nufa. Wani kuma sai ya riƙa karya azumin a ɓoye.

Abin da uwa da mata ke gani

Tuwo yana kwana a kwano. Mutum yana aiki kamar inji amma ba ya cin kirki, sai shayi mai ɗaci da kofi. Yana ramewa, wuya yana fitowa. Bakinsa yana bushewa, yana yawan susa. Yakan yi kwanaki bai zagaya bayan gida ba. Ana cikin hira sai ya yi gyangyaɗi, da dare kuwa idonsa biyu.

Hali ma yana sakewa. Mai kunya ya zama mai tsiwa. Mai haƙuri ya fara dukan mata da ɗiya. Ya bar abokansa na da, ya kama sababbi waɗanda ba su shigowa gida su gaida manya. Ya bar sallah cikin jama'a. Ya bar zuwa suna da jana'iza. In an tambaye shi inda ya fito, amsar yau daban, ta gobe daban.

Abin da uba ke gani

Uba ya dubi rumbu da garke. Hatsi yana raguwa tiya tiya. Kaza ta ɓace, an ce shaho ne. Akuyar uwargida ta ɓace, an ce ɓarayi. Kuɗin ƙwadago ba a ga abin da aka saya da su ba. Masu bin bashi sun fara sallama a ƙofar gida. Wanda ya komo daga biɗa bayan wata bakwai ya komo hannu wofi, ko turmin zane bai kawo ba.

Ku ɗauki alli ku yi wannan lissafi. A ce mutum yana kashe dala ɗari kowace rana, wato 500. A kwana 30 ya kashe jika 15. A wata 12 ya kashe jika 180. Kowa ya tambayi kansa: buhun hatsi nawa ke nan a kasuwar garinsu? Tumaki nawa?

Giya, wiwi da sholisho

A ƙasar Musulmi mai shan giya ɓoyewa yake yi. Yana toshe warin da goro, ko kanumfari, ko minti. Amma safiya ba ta rufa masa asiri. Wanda giya ta kama yakan tashi hannunsa yana rawa, har ba ya iya riƙe kofi. Yana zufa, yana yunƙurin amai. Da ya kurɓa sai rawar ta tsaya. Yana manta abin da ya yi jiya da dare. In shekaru sun yi nisa hanta ta lalace, ido ya yi rawaya, ciki da ƙafafu su kumbura.

Mai tabar wiwi idonsa ja ne, rigarsa tana da wani wari na hayaƙi da ba na taba ba. Yana dariya ba dalili, yana cin abinci da yawa, sa'an nan ya kwanta. Wasu, musamman waɗanda suka fara tun suna yara, sukan kai ga zargin kowa, su ce ana bin su ko ana yi da su.

Sholisho, wato ruwan liƙin taya, yara ƙanana ya fi kamawa, don yana da arha. Ku lura da tsumma ko leda da yaro ke dunƙulewa a hannu yana kaiwa hanci. Ku lura da ƙuraje a gefen baki da hanci, da warin fetur a jikinsa.

Akwai kuma ƙwayoyin barci, irin su diyazefam. Mai shan su harshensa yana nauyi, yana tangaɗi kamar mashayi, alhali ba a jin warin giya.

Kada a yi saurin zargi

Alama ɗaya ba ta isa a yanke wa mutum hukunci ba. Rama tana iya zama tarin fuka ko ciwon sukari. Jan ido yana iya zama ƙurar hunturu. Fushi da rashin barci suna iya zama bashi, ko baƙin cikin da bai gaya wa kowa ba. Zato zunubi ne, kuma wanda aka yi wa ƙazafi a gidansu ba ya mantawa.

Saboda haka a sa ido mako uku ko huɗu. Mai littafi ya rubuta: ran kaza bai ci abinci ba, ran kaza ya kwana waje, ran kaza kuɗi sun ɓace. In alamu sun taru, jiki da hali da dukiya duk sun nuna wuri ɗaya, to lokacin magana ya yi. Ko ba ƙwaya ba ce, wanda ya nuna waɗannan alamu yana bukatar awo a likita.

In ya faɗi

Tramol mai yawa tana kawo faɗuwa irin ta farfaɗiya. Mutum ya sandare, ya yi ta shure-shure, kumfa ta fito a baki. Wanda bai taɓa farfaɗiya ba tun yana yaro, sai ga shi da gemunsa ya fara faɗuwa, a bincika ƙwaya. Mutane sukan ce iskoki ne ko sammu. Sai a yi ta turare da yanka, bisashe su ƙare, shi kuwa yana ci gaba da sha. Ku tuna inda samari ke aiki: bakin rijiya, kan babur, kan amalanke, cikin ramin zinariya. Faɗuwa ɗaya a irin wannan wuri ta isa.

In mutum ya faɗi, a janye shi daga wuta da ruwa. A sa tsumma ƙarƙashin kansa. Kada a danne shi. Kada a cusa masa cokali ko icce a baki. In ya lafa a kwantar da shi a kan gefensa. Kumfar bakinsa ba ta sa wa kowa ciwo, kada a gudu a bar shi. In shure-shuren ya wuce minti 5, ko ya sake tasowa, a nufi likita nan da nan.

Akwai wani hatsarin da ba shi da hayaniya. Mutum ya yi barci, an girgiza shi bai tashi ba. Numfashinsa ya yi nisa da juna, yana wani irin minshari, leɓɓansa sun sake launi. Kada a ce a bar shi ya huta. Kada a ɗura masa ruwa ko nono ko manja, zai shaƙe. A kwantar da shi a kan gefe, a ɗauke shi zuwa likita, a tafi da katin ƙwayar. Hatsarin ya fi yawa ga wanda ya haɗa tramol da giya ko da ƙwayar barci.

Yadda za a yi masa magana

Kada a tare shi yana cikin maye. Kada a tare shi a gaban jama'a ko gaban ɗiyansa. A samu safiya, a keɓe.

A zaɓi wanda yake jin maganarsa. Uwa takan ji nauyin ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗi. To, a kira kawu, ko kaka, ko limamin unguwa, ko aminin uba mai riƙe asiri. Matar da ke tsoron duka kada ta tunkare shi ita kaɗai. Ta gaya wa uwar mijin ko wansa. In duka ya yi yawa, ta tsira da kanta da ɗiyanta tukuna, maganar gyara ta biyo baya.

A faɗi abin da aka gani, ban da zagi. Kawu yana iya cewa: Ɗana, kwana uku ba ka taɓa tuwo ba. Shekaran jiya ka faɗi a gona. Ga abin da aka tsinta a aljihunka. Ba mu zo mu kunyata ka ba. Gobe za ni likita, sai mu tafi tare.

Zai musanta. Zai rantse. Zai ce shi yake shan ta, ba ita ke shan sa ba, kuma duk ran da ya so zai bari. Kusan duka haka suke cewa. A yi haƙuri, a sake komowa bayan kwana biyu. Amma a daina ba shi kuɗi a hannu, a daina biya masa bashin mai ƙwaya, mabuɗin rumbu ya koma wurin wani. Rufa masa asiri a wurin likita ba ƙauna ba ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mari da bulala

Wasu iyaye in sun gaji sai su ɗaure yaro, ko su kai shi gidan mari. Ga abin da ya faru a maƙwabta. A watan Satumba na 2019 ƴan sanda suka buɗe wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna. Suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, jikinsu duk tabon bulala. A watan Oktoba aka sake samun irinsa a Daura. Da yawa iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, suna zaton gyara ake yi.

Sarƙa tana hana ƙafa tafiya, ba ta taɓa ciwon da ke jiki ba. Ban da haka, yanke sha farat ɗaya yana da hatsari. Wanda giya ta kama sosai, ko ƙwayar barci, in aka kulle shi ba magani, cikin kwana biyu ko uku yana iya faɗuwa, ya rikice, ya riƙa ganin abin da babu, har ya mutu. Malamai sun sha faɗa cewa addini ya hana duk abin da ke gusar da hankali. Addu'a da nasiha suna da wurinsu. A haɗa su da zuwa likita.

Abin da likita ke yi

A fara da likitar da ta fi kusa. A gaya wa majo gaskiya: abin da yake sha, guda nawa a rana, tun yaushe. Aikinsa ne ya riƙe asirin marar lafiya. Shi zai san ko a rage ƙwayar sannu sannu, ko a kwantar da shi, ko a tura shi asibitin Dakwaro ko Maraɗi. Zai kuma duba ko akwai wani ciwo a ƙarƙashi, kamar ciwon baya ko haƙori, wanda shi ya fara kai shi ga sha.

Wahalar barin tramol ta fi tsanani a kwana biyu zuwa uku na farko. Bayan kamar mako guda jiki yana fara sakewa. Kwaɗayin kuwa yana daɗewa, watanni. A wannan lokaci a ba shi ruwa da kunu da fura. A rage masa aiki, kada a ce sai ya yi noman da yake yi da ƙwaya. A raba shi da tsohuwar majalisarsa. In ya koma sha kada a ce an yi asara, a sake maida shi. Amma a gargaɗe shi: jikin da ya huta ba ya ɗaukar adadin da, in ya sha kamar da yana iya mutuwa.

Masu saidawa kuwa doka tana kansu. Nijar tana da dokar yaƙi da kayan maye tun 1999, akwai kuma hukumar OCRTIS mai farautar masu fataucinsu. In gari ya san teburin da ake saida wa yara, a gaya wa maigari, shi ya kai maganar gaba. Ranar 26 ga Yuni ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da shan ƙwaya ta duniya, Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsaida ta a 1987. Tana zuwa daidai farkon damana, lokacin da masu talla ke cika jaka. Lokaci ne mai kyau da gari zai zauna a kan wannan magana.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Allah ya shirya zuri'a, ya ba marasa lafiya sauƙi. Amin.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wace lamba ce a kan tramol da likita ya saba bayarwa? Waɗanne lambobi ne a kan ta masu talla?
2. Ta yaya ake bambanta masassarar sauro da ciwon rashin ƙwaya?
3. In mutum ya faɗi yana shure-shure, me za a yi masa? Me ba za a yi ba?
4. Jika 180, buhun hatsi nawa za su saya a kasuwarku yau?
5. A garinku, wa ya fi dacewa a kira ya yi wa saurayi magana a asirce?